Gungumen da Ruwa Ya Tono

Makon jiya na kira kafinta ya gyara min ƙofar ɗakin girki, wadda gara ta cinye ƙasanta. Yana cikin goge katakon da ya zo da shi sai wani ƙamshi ya taso, ba mai ƙarfi ba, irin na ɗanyen itace da ruwa ya taɓa. Na tsaya da ludayi a hannu na ce masa, "Malam, wannan wane itace ne?" Ya dube ni, ya dubi katakon, ya ce, "Hajiya, katako ne mana. Akwai fari, akwai ja. Wannan ja ne." Ba laifinsa ba ne. Amma har ya gama aikinsa ya tafi hankalina ba ya gidan. Yana can bayan Rurum Tsohon Gari, ina 'yar shekara goma, ƙafafuna cikin taɓo, hannun kakana a kafaɗata.

Bari in gaya maka yadda aka yi na zama 'yar gidan. Mahaifiyata ta rasu ina shekara bakwai. Mahaifina direban babbar mota ne, yau yana Rano, gobe yana Kano, jibi sai inda kaya suka kai shi. Sai ya ɗauko ni da ƙullin kayana ya kawo ni gidansu, ya damƙa ni a hannun yayansa, wanda nake kira Baffa. Gidan cike yake da mutane, Baffa da matarsa da 'ya'yansu shida, ga awaki, ga kaji. Ba wanda ya taɓa dukana, ba a taɓa hana ni tuwo ba. Sai dai kowane yaro a gidan yana da wadda zai ruga wurinta idan ya faɗi ya ƙuje gwiwa, ni kuwa sai in tashi in karkaɗe zanena. Idan ka taɓa zama a gidan da ba a ƙi ka ba, ba a kuma cigiyarka, ka san abin da nake nufi.

Mutum ɗaya ne a gidan yake irin zamana, shi ne Kaka, mahaifin su Baffa. Matarsa ta rasu tun kafin in zo. Ɗakinsa yana jikin zaure, nesa da hayaniyar tsakar gida. A zamaninsa masassaƙi ne, kuma an ce daga kasuwar Rano har ta Kibiya, idan mace ta ce turminta sassaƙarsa ce, to ta gama magana. Amma lokacin da na san shi yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Kwanon silba da roba sun kori akushi, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, abokan hirarsa kuma sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Wuni yake yi a dakalin ƙofar gida, gizagonsa a kan cinya, yana shafa bakinsa da babban yatsa. Masu wucewa sukan gaishe shi ba tare da sun rage sauri ba.

Amarya yake ce min, irin wasan jika da kaka. "Amarya, zo ki ara min idonki." Da wannan kiran nake sanin cewa akwai mai bukatata a duniya.

A ƙarƙashin gadonsa akwai wani tsohon buhu cike da guntayen itatuwa, ragowar aikin shekaru. Idan rana ta yi sanyi sai ya sa in jawo shi, in riƙa miƙa masa ɗaya-ɗaya. Ya auna nauyin a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci, wani lokaci har ya ɗan lasa. Sannan ya faɗi sunan, ni kuma in faɗa masa launin. Haka na san ƙirya, mai nauyi kamar dutse, wadda ke dakushe gatari. Na san maje, mara nauyi, mai ƙamshin ƙaro. Na san maɗaci da ɗacinsa, da marke da ake ƙota da shi, da aduwa ta allon karatu. Akwai wani ɗan guntu da bai fi tsawon yatsana ba, wanda ya yi santsi saboda yawan shafa. Shi ne madobiya. Ya ce min idan aka sare ta jini take fitarwa ja wur, kuma da rani, lokacin da kowace bishiya ta zubar da ganye, ita sai ta rufe kanta da fure rawaya. Ya ce da can akwai su a bakin rafinmu, amma tun Baffa yana goye aka gama da su. Ni ban taɓa ganin ta a tsaye ba. Har yau ban gani ba.

A shekarar da nake ba ka labari, marka ta yi tsanani. Kwana uku ruwa bai ɗauke ba, irin mai zuba a hankali ba tsawa ba iska, har katangu suka sha suka ƙoshi. A rana ta uku da hantsi ɗakin Baffa ya zauna. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, amma rufin ya rufto, bango ɗaya ya kwanta a kan rumbun dawa. Matar Baffa da yaranta suka kwashe abin da ya saura suka koma zaure, aka rataya tabarma a tsakani. Gidan duk warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin ɗanyen kara. Sannan labari ya zo daga fadama cewa rafi ya cika ya ci gaɓa, ya tafi da kusan rabin shinkafarmu.

Da ruwa ya janye, yaran da suka je kamun kifi ne suka dawo da zancen. Wai a inda gaɓar gonarmu ta zaizaye, wani ƙaton gungume ya fito daga cikin yashi. Baƙi ƙirin, ba ɓawo, ba ganye, ba reshe sai dungulmi. Ba wanda ya san yaushe ya faɗi, ko shekara nawa ya yi a binne. Wasu suka ce ɗorawa ce, wasu suka ce gawo. Baffa ya je ya gani ya dawo, ya ce ko mene ne dai itacen wuta ne, kuma tunda a gonarmu ya fito, Allah ne ya kawo mana kuɗin rufi.

Kaka yana dakali yana jin duk wannan, ba wanda ya tambaye shi. Washegari bayan an sha koko, sai na ji, "Amarya, ɗauko min gizago da ƙwarya. Yau za ki kai ni unguwa."

Tafiyar da nake yi da gudu kafin a gama tafasa ruwa, ranar sai da ta ci mana rabin safiya. Hanya duk santsi, dawa ta fi mu tsayi ta kowane gefe, raɓa tana zubo mana. Yana dafe da kafaɗata, ina ce masa ga rami, ga kwata, ɗaga ƙafa. Da muka isa gaɓa sai ya cire takalmansa ya ba ni, ya naɗe wandonsa, ya zauna ya zame a hankali har ƙasa kamar yaro. Na kama hannunsa na ɗora a kan gungumen.

Ya bi shi da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan. Sannan ya buɗe hannuwansa ya auna, gaba ɗaya, biyu, uku, huɗu, da ɗan abin da ya ɗara. Ya juya gizagon ya riƙa bugun itacen da ƙeyarsa, yana matsawa taƙi-taƙi, kunnensa dab da shi. Wajen gindi ƙarar tana fitowa kamar an bugi tulu. Da ya wuce gaba ɗaya sai ta canja, ta koma gajeriya mai tauri, kamar an bugi dutse. Ya koma baya ya sake, ya sake. Daga nan ya zaɓi wuri ɗaya ya fara sara. Saman ya yi laushi, baƙi, yana marmashewa kamar gawayi. Ya ci gaba har gizagon ya fara tsalle, gumi yana bin wuyansa. Da ƙyar ya ɓanto 'yar ɓarya kamar farcen babban yatsa.

Ya kai ta hanci. Na ga fuskarsa ta yi wani iri, irin ta wanda ya ji muryar da ya sani a cikin kasuwa.

"Faɗa min launin ramin nan," in ji shi. "Kada ki yi sauri."

Na durƙusa na leƙa. Na ce masa kamar zumar da ta daɗe a kwalba, da wasu layuka masu duhu suna bin ta. Ya sa na ɗebo ruwa a ƙwarya, ya jefa ɓaryar a ciki, muka zauna muna jira. Can na ce masa ruwan ya fara komawa kamar shayi. Sai ya yi dariya, dariyar da ban taɓa ji a bakinsa ba, har da tari.

"Madobiya ce, Amarya. Wallahi madobiya ce. Yashi ne ya ɓoye mana ita."

A hanyar komawa bai yi shiru ba ko kaɗan. Lissafi yake yi, amma ba na kuɗi ba. Ya ce gaba ɗaya ta wajen gindi kogo ce, a bar ta. Sauran ukun kuwa lafiya lau suke har zuciya. Za su ba da ƙyauren ƙofa shida, ko takwas idan mai tsagawa ya iya hannunsa. Dungulman rassan su ba da kujeru. Ya ce itacen da ya kwana cikin yashi haka ba ya tsagewa, gara ba ta kusantarsa, wanda ya sa shi a ɗakinsa jikansa ma zai buɗe ya rufe. Abin da ake bukata kawai a jawo shi kan tudu, a rufe shi da zana, a jira kaka ta wuce, sannan a je Kano a nemo masu sana'ar katako na gaske su zo su gani da idonsu. Ya ce abin da za su bayar zai yi wa gidanmu duka rufi, ba ɗaki ɗaya ba.

Bai san cewa Baffa ya riga ya aika Rano ba.

Kwana biyu bayan nan mai sayen ya zo a kan babur, wani mutum mai fara'a da ke kai wa gidajen burodi itace. Aka taru a bakin rafi, da mai unguwa da maƙwabta biyar ko shida. Kaka ya ce in kai shi, na kai shi. Mutumin ya zagaya gungumen, ya soka masa tsinken ƙarfe a wurin da ya yi laushi, ya ce ruɓaɓɓiyar ɗorawa ce, rabinta ma hayaƙi za ta yi, amma saboda halin da ake ciki zai ba da abin da zai sayi kwanon rufin ɗaki guda. Ban ce ƙarya ya yi da gangan ba. Ina jin iya abin da ya sani ke nan.

Sai Kaka ya yi gyaran murya ya faɗi abin da ya gano. Ya faɗe shi dalla-dalla, da gaban da kogon da ƙofofin. Ya nuna ramin da ya sara. Mutanen suka leƙa, wani ya ce ai ɗorawa ma cikinta ja-ja ne. Wani ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin madobiya a ƙasar nan ba. Mai sayen ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba. Da madobiya ce ai da ni ma na huta."

Baffa bai yi dariya ba. Mutum ne da iyalinsa ke kwana a zaure bayan tabarma, ƙaramin ɗansa yana tari, dawarsa tana tsiro a cikin rumbu. Ya ce, "Baba, ko da ita ce, wa zai jira har bayan kaka? Kuma ka yi haƙuri, ido ba ya nan, shekaru kuma sun ja."

"Hancina yana nan," in ji Kaka. "Ido kuwa ga shi na zo da shi. Ku tambaye ta."

Duk suka juyo suka dube ni. Ban taɓa tsayawa a gaban maza da yawa haka ba. Baffa ya sunkuyo, ba da faɗa ba, ya ce, "Ke, faɗa min gaskiya. Shekaranjiya da la'asar, ba ce miki ya yi ki kawo masa kokon safe ba?"

Haka aka yi. Ya yi barcin rana ya farka, ya ɗauka gari ne ya waye. Mun yi dariyar abin ni da shi, na kuma ba matar Baffa labari don in ga ko za ta yi dariya da ni. Na ji hannun Kaka a kafaɗata, bai matsa ba, bai saki ba. Ina so in ce ruwan ƙwarya ya koma kamar shayi. Ina so in ce na san ɗan guntun da ke cikin buhu, kuma launinsu ɗaya. Amma ba wannan aka tambaye ni ba, kuma tuwon Baffa nake ci.

Na ce, "E, ya ce."

Shi ke nan. Aka juya aka ci gaba da ciniki kamar ba mu a wurin, mai unguwa ya shaida, aka tafa hannu. Muka kamo hanyar gida, ina ce masa ga rami, ga kwata, yana ɗaga ƙafa.

Ranar da suka zo yanka, ni aka aika da fura. Sun zo da injin yankan itace, abin da yaran garinmu suka bi a guje don kallo. Mai riƙe da injin wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, an ce ya yi shekaru yana aiki a dazuzzukan kudu. Ya fara daga tsakiya, zai yi gunduwa-gunduwa yadda za su shiga tanda. Injin ya shiga baƙin saman kamar ana yanka kabewa, sannan kukansa ya canja, ya fara gurnani. Garin itacen da ke fesowa ya tashi daga baƙi ya koma launin zuma. Wani ƙamshi ya cika bakin rafin, mai daɗi, har matan da ke wanki can ƙasa suka ɗago kai.

Mutumin ya kashe injin. Ya dumbuzi garin ya shinshina. Ya kira mai sayen gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, na ga mai sayen ya cire hularsa ya mayar. Ranar ba su ƙara yanka ba. Washegari wata mota ce daban ta zo daga Kano, da mutane masu igiyar awo.

Ni ina gida a wannan safiyar, ina zaune kusa da Kaka a dakali. Daga can ana jiyo injin sama-sama. Ya karkata kai ya saurara na ɗan lokaci.

"Kin ji? Jiya gajeren kuka yake yi. Yau yana ja da tsawo. Sun daina gunduwa, tsaga suke yi." Ya shafa bakin gizagonsa. "Sun gane ta. To, alhamdu lillahi. Ba za ta shiga wuta ba."

Abin da ya ce ke nan. Na yi ta jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba.

Baffa ya je ya tsaya a gaɓa ya ga ana loda falankai masu sheƙi, dogaye, ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka zuga shi ya tayar da magana, ya ce ciniki ya faɗa a gaban shaidu, shi ba zai ci amanar bakinsa ba. An ce mai sayen ya ƙara masa wani abu don kunya. Gindin kuwa suka bar shi a wurin, domin da suka taɓa shi sai suka tarar kogo ne, daidai inda Kaka ya ce.

Da na kai musu fura a rana ta ƙarshe, mai injin ya kira ni. Ya nuna min ɗan ramin da ke jikin wani ɓangaren saman itacen da suka yar, ya ce wa ya yi wannan saran. Na ce kakana ne. Ya ce, "Shi ne tsohon da aka ce ya faɗa ba a yarda ba?" Na ce shi ne. Sai ya je ya zaɓo wani dunƙule daga wajen reshe, ya naɗa min gammo da kansa ya ɗora min. Ya ce, "Ki kai masa. Ki ce wani ɗan sana'a yana gaishe shi." Nauyinsa ya kusa karya min wuya. Sau huɗu ina saukewa a hanya, ina jiran mai wucewa ya ɗora min.

Kaka ya rungume dunƙulen a cinyarsa kamar jariri. Na tsaya a gabansa da maganar da na kwana biyar ina shiryawa. Da ƙyar na ce, "Kaka, ranar nan a bakin rafi..."

"An tambaye ki, kin faɗi abin da kika gani," in ji shi. "Ba shi nake sa ki kullum ba?"

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Za ka zaci da gaskiyarsa ta fito sai gida ya dawo gare shi. Ba haka aka yi ba. Da, Baffa yakan zauna su ci tuwon dare tare a zaure bayan magariba. Daga ranar da motar Kano ta tafi sai ya daina. Yakan gaishe shi daga tsaye, kansa a ƙasa, ya wuce. Maƙwabtan da suka yi dariya a bakin rafi suka koma bin ta bayan gida zuwa masallaci. Ba ƙinsa suke yi ba, kunyarsa suke ji, amma ga wanda ke zaune shi kaɗai a dakali duk ɗaya ne. Aka yi sabon ɗaki, aka rufa shi da kwano mai ƙyalli. Idan yayyafin ƙarshen damina ya sauka a kansa, duk gidan sai a yi tsit.

Kaka kuwa ya kama sassaƙa. Tun daga girbin gero har aka shiga sanyi yana kan dunƙulen nan, kaɗan-kaɗan, da lalube. Itacen ya yi wa ƙarfinsa tauri. Yakan yi sara goma ya huta. Sau biyu yana yanke yatsa, ina ɗaure masa da tsumma, muna ɓoyewa don kada a karɓe gizagon. Ni ce mai cewa nan ya fi kauri, nan ya karkace. Na ɗauka kujera yake yi min, don ya taɓa cewa amarya ba ta tarewa ba kujera. Sai da ya fara rarake cikin na ga akushi ne.

Da ya gama ya goge shi da man gyaɗa har layukan suka fito. Bakinsa bai daidaita ba, gefe ɗaya ya fi tudu. Ya ce, "Kai wa matar Baffanki. Ki ce daga yau a nan za ta riƙa zuba wa maigidanta tuwo."

Na ji haushi, ban ɓoye ba. Na ce ai Baffa ne ya sayar da gungumen. Ya ce, "Shi ne yake ɗauke da mu duka, ni da ke har da awaki. Kai mata."

A ranar, bayan magariba, ina wanke-wanke na ga Baffa ya ɗaga murfin faifai ya ga akushin. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauke shi da hannu biyu ya nufi zaure. Na laɓe a bakin ƙofa. Ya ajiye shi a tsakaninsu, ya kama hannun Kaka ya kai bakin akushin, suka ci. Na kasa kunne ko za a yi maganar gungumen. Baffa ya ce farashin gyaɗa ya faɗi a Kibiya. Kaka ya ce haka take yi duk shekara war haka. Iyakar hirar ke nan.

Bayan ƙaramar salla mahaifina ya zo ya ce ya sami ɗaki a Kano, zai sa ni makaranta. Aka ƙulla min kayana a cikin zanen da na zo da shi. Kaka ya rako ni har bakin dakali, iyakar inda yake iya zuwa ba jagora. Ya ce, "To Amarya, kin tafi da idon." Ya faɗe shi da wasa, na yi dariya, don mota tana jira. Damina ta gaba ya rasu. Ba waya a lokacin, sai da aka yi kwana tara wani direba ya gaya wa mahaifina a tasha.

Yanzu na girmi shekarun da Baffa yake da su a wancan lokacin. Nakan je garin sau ɗaya ko biyu a shekara. An yi kwalta, an kawo wuta, kusan kowane gida da ƙofar ƙarfe. Rafin ya ƙanƙance, masu tifa suna kwasar yashinsa. Daga bakin hanya har fadama ba abin da ke ba da inuwa sai darbejiya da 'yan mangwaro. Ba na cewa da ta fi yanzu, don na ga yadda ɗakin ƙasa ke zama a kan mutane. Abin da na sani shi ne akwai wani ilmi da ake riƙewa a hanci da tafin hannu, ba a rubuta shi a ko'ina ba, kuma idan mai shi ya kwanta sai ya bi shi.

Baffa yana nan da rai, ya haura tamanin, idonsa shi ma ya fara dushewa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna Kano da Kaduna da Legas suna nema, suna aiko masa da abin da ya samu. Matar ƙaramin ce take ba shi abinci. Zuwana na ƙarshe na tarar da shi shi kaɗai a ƙofar gida, rediyo a gefensa a kashe. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi hanya. Har na miƙe zan shiga ciki sai ya ce in dawo in zauna.

"Kin san ban taɓa ce masa ya yi gaskiya ba?"

Shekara talatin da wani abu ba mu taɓa ɗaga maganar gungumen ba, amma ban tambaye shi wa yake nufi ba. Na ce, "Baffa, ai ya sani."

"Na san ya sani," in ji shi. "Faɗar ce ban yi ba. Kullum sai in ce gobe."

Ni ma tawa maganar ban ƙarasa ta ba. Muka zauna. Wasu samari biyu suka wuce a kan babur, suka ɗaga masa hannu, ya amsa bayan sun yi nisa. Da la'asar ta yi direban da ya kawo ni ya ce mu kama hanya kada dare ya yi mana. Na yi masa sallama, ya ce in gai da gida. Sai da muka kai kwanar da za mu hau kwalta na waiwaya, yana nan yadda na bar shi, fuskarsa tana kallon wajen da ya ji ƙarar motar ta bi.